Tsutsar Haƙorin Malam

'Yata ta ce in bari sai kuka ya tsaya sannan mu fara. Na ce mata ta ɗauki biro kawai, don in sai ya tsaya ne, babu abin da za a rubuta. Ban san baƙi ba, na boko ko na allo, amma abin da ya faru a gidana ina riƙe da shi daki-daki, kuma ina so a sa shi a takarda yadda ya faru, har da wurin da hannuna yake ciki.

Mijina, wanda kowa ke kira Malam, manomin tattasai ne a Gashuwa. Daga Nguru aka kawo ni gidansa, muka zauna har muka ga jikoki. Mutum ne mai son shayi. Kullum da safe zan cika masa fulas, in yi ta zuba sukari sai ya ce ya isa, kuma ba ya saurin cewa ya isa. Da fulas ɗin yake tafiya fadama, yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun hantsi har la'asar. Asuwaki kuwa ba ya barin aljihunsa. Duk alwala sai ya goga, haƙoransa na gaba farare tas, yana taƙama da su. Ni nawa jajaye ne, don a gidanmu da fure da goro muka tashi. Sai ya riƙa tsokanata yana cewa, "Babarbariya, rufe bakin nan, kar tsuntsaye su zaci tattasaina aka shanya."

A shekarar da zai rasu, daidai lokacin tsinkar tattasai, na lura yana tauna da gefe ɗaya. In ya kurɓi ruwan randa sai ya runtse ido ya dafe muƙamuƙi. Haƙorin tauna ne na ƙasa, can ƙarshe ta dama. Sai na riƙa sassauta masa tuwo.

Akwai 'yar ƙanensa da ke aiki a sashen haƙori na wani asibiti a Nguru. A kwanakin nan ita da abokan aikinta suka zo Gashuwa suna zaga makarantun firamare, suna duba bakin yara, suna raba buroshi da man goge baki. Da azahar ta biyo ta gidanmu ta ci abinci. Tana zaune tana kallonsa, sai ta ajiye cokali.

"Baba, me ya sa kake tauna kamar raƙumi, baki a karkace?"

"Ke Likita, ci abincinki. Nan ba layin asibiti ba ne."

"Na sha gaya maka ni ba likita ba ce. Buɗe in gani."

Ta wanke hannu, ta zaunar da shi a kujera a tsakar gida, ta haska cikin bakinsa da fitilar waya. Ta daɗe tana leƙawa. Da ta ɗago, dariyar ta bar fuskarta.

"Ka share zaure ka bar ƙuryar ɗaki, Baba. Kogo ne babba. Asuwakinka ba shi da laifi, amma ba ka kai shi can ciki. Ga dasashinka ma yana jini."

"Kowa dasashinsa na jini."

"Mai lafiya ba ya yi. Kuma fulas ɗin nan ne ya ci maka haƙori."

Malam ya jawo fulas ɗin kusa da ƙafarsa kamar za a ƙwace. Ta ce masa akwai ƙananan ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori, ido ba ya ganinsu. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sun sami abinci, sai su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙorin. Ta ce da zai sha shayinsa lokaci ɗaya tare da abinci, da baki ya sami hutu. Shi kuwa nasa bakin ba ya hutawa daga safe har yamma, sannan ya kwanta bai goge ba. Ta ce gogewar kafin barci ta fi kowace muhimmanci, kuma man da suke rabawa yana da wani sinadari da ke ƙara wa haƙori tauri, a goga a tofar, kar a kurkure. Ta ciro buroshi biyu da mai guda daga jakarta ta ajiye mana a kan tabarma.

"Da tun yana ƙarami ka zo, cike shi za a yi ka tashi ka tafi. Yanzu ina ganin sai an cire. Ka zo Nguru cikin satin nan."

"Tattasai fa?"

"Tattasai ba shi da ƙafa, Baba."

"Amma yana ruɓewa."

"Haƙorin ma haka."

Ni duk ina gefe ina saurare. A nan na sa baki. Na ce, "In kun cire, ina kuke kai shi?"

Ta yi dariya. "Inna, me za ki yi da ruɓaɓɓen haƙori?"

"Tambayarki na yi."

"Wasu a haɗa da sharar asibiti a ƙone. Wasu kuma a wanke a zuba a kwalba, ɗalibai su koyi aiki da su."

Maganar kwalbar nan ce ta tsaya mini a rai. Mu yadda muka tashi, in aka yi wa namiji aski, matarsa ke tattara gashin ta haƙa rami ta binne. Farce ma haka. Abin da ya fita daga jikin mutum ba a barinsa a hannun wanda ba ka sani ba, don ba ka san abin da za a haɗa da shi ba. Shekara da shekaru ina binne gashin Malam a gindin katanga, sai yanzu a ce haƙorinsa guda zai zauna a kwalba a wani gari, yara suna juya shi a hannu. Na raka ta ƙofar gida, na ce ta gaida mutan Nguru.

Dole in faɗi wani abu game da garinmu, don kar a ce haukata ce ni kaɗai. Ciwon ƙoda ya ci mutane da yawa a Gashuwa. Babu unguwar da ba a yi zaman makoki ba saboda shi, kuma har yau kowa da abin da yake zargi. Wani ya ce ruwa ne, wani ya ce maganin feshi, wani ya ce ƙwayoyin da ake sha. Wannan ya sa duk abin da aka ce a sa a baki, musamman in kyauta ne, sai mu ja baya. Na juya man nan a hannuna, na shinshina, na ce me ya sa za a ce a tofar amma kar a kurkure, in ba so ake wani abu ya zauna a jiki ba? Na ɗora shi can saman katanga. Buroshin kuwa ya yi mini amfani wajen wanke rariya.

Maƙwabciyata ce ta ba ni labarin wani dattijo da ke zuwa ranar kasuwa yana cire tsutsar haƙori. Ta ce ba ya taɓa ka da ƙarfe, ba ya raba ka da komai naka, kuma abin da ya fito za ka gani da idonka. Na lallaɓa Malam muka je.

Mun same shi a inuwa bayan rumfunan masu kifi, mutum mai sanyin murya, da fararen kaya. Ya ajiye kwano da ruwa, ya sa dutse a tsakiya. Ya ciro wani guntun ƙarfe daga garwashi ya ɗora a kan dutsen, ya ɗebo wani baƙin magani da aka kwaɓa da kitse ya ɗiga a kai. Nan take hayaƙi ya tashi. Ya kife mazurari a sama, ya ce Malam ya kafa baki a tsinin, ya bar hayaƙin ya shiga kogon. Malam ya yi ta tari, hawaye na zuba. Da dattijon ya ɗaga mazurarin, sai ga wasu ƙananan abubuwa farare, a lanƙwashe, suna yawo a kan ruwa.

"Ga masu yi muku ɓarna nan, Hajiya. Ƙirga da kanki."

Na ƙirga, guda bakwai. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, wannan ya nuna mini nasa, ita kuwa yarinyar nan cewa ta yi nata ido ba ya gani.

Kasuwa biyu muka je. Bayan ta biyun da kwana kaɗan, ciwon ya ɗauke ɗif. Malam ya koma tauna goro ta dama don ya nuna mini. Na yi ta ba wa sauran mata labari a gidan suna da gidan biki.

Ana nan sai 'yar ƙanen nasa ta kira. Wayata ta kira, don Malam yana fadama kuma ba ya tafiya da tasa.

"Inna, shiru ban ga Baba ba."

"Ai ya warke. Ciwo ya daina."

Sai ta ce, "Da kansa ya daina?"

"An cire masa tsutsa."

"Inna, wannan ne abin da nake tsoro. Jijiyar haƙorin ce ta mutu, shi ya sa ba ya jin zafi. Ruɓar tana nan, ƙasa za ta yi yanzu, cikin ƙashi."

"Mun ga tsutsa da idonmu, ni da shi."

"Babu tsutsa a haƙori, wallahi."

"To me muka gani? Ke naki ƙwayoyin wa ya taɓa ganinsu?"

"Don Allah ki gaya masa ina jiransa ranar Litinin. In kuma kika ga kumburi ko zazzaɓi, kar ki jira Litinin, ku taso a ranar."

Na ce to. Da na ajiye wayar sai na tambayi kaina, mutum ya warke, me ya sa ta nace sai ta raba shi da haƙorinsa? Da yamma Malam ya dawo, na ce masa Likitarsa ta kira tana gaishe shi. Ya ce yana amsawa. Iyakar abin da na isar ke nan. A rubuta wannan yadda na faɗa.

Muka yi wajen sati uku lafiya lau. Tattasai ya bushe, aka ɗura a buhuna. Wata safiya ya tashi da kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi, kamar girman goro, jikinsa da ɗumi. Na gasa masa da tsumma mai zafi, na shafa kanwa, na aika aka karɓo ƙwayar kashe zafi a kyamis. Washegari kumburin ya ninka. Yana zaune a bakin ƙofa, ya kalle ni ya ce, "Ko dai mu je wurin yarinyar nan?"

Shi da bakinsa ya faɗa. Ni na ce, "Ba a cire haƙori yana kumbure, kowa ya san wannan. Bari ya sauka tukuna."

Ranar ta dace da kasuwa, sai na tafi wurin dattijon ni kaɗai. Ya saurare ni yana gyaɗa kai. Ya ce uwar tsutsotsin ce ta rage, ita ce ta fusata da aka kwashe mata 'ya'ya. Tunda Malam ba zai iya fitowa ba, ya ƙulla mini maganin a leda, ya ara mini mazurari da guntun ƙarfen, ya ce in yi masa a gida da sassafe.

Da gari ya waye, na tsorata da na ga Malam. Kumburin ya ketare zuwa hagu, ƙarƙashin haɓarsa ya yi tauri kamar katako. Harshensa ya taso ya cika masa baki, miyau na dalala a rigarsa, muryarsa ta koma kamar ta wanda ya cusa tuwo mai zafi. Na yi maza na hura garwashi. Na ajiye kwanon ruwa da dutse yadda na ga an yi, na ɗora ƙarfen, na ɗiga maganin, na kife mazurari. Na ce, "Malam, daure ka kafa baki."

Bakin ya ƙi buɗuwa. Ko yatsa ɗaya ba zai shiga ba. Ya yi ƙoƙari, hayaƙin ya bugi fuskarsa, ya shaƙe, ya ture ni da hannu. Na bar kayan a nan, na kama shi na janye shi gefe, ina shafa masa baya, ina goge masa miyau da bakin zanena. Sai da numfashinsa ya ɗan daidaita sannan na koma in kwashe kayan.

Na ɗaga mazurarin. Ga su nan a kan ruwa, farare, a lanƙwashe, sun fi na kasuwa yawa. Bakin Malam bai taɓa mazurarin nan ba. Babu bakin kowa a kai.

Na durƙusa a wurin. Na kwance ledar, na ɗebo sauran maganin na murza a tafin hannu har kitsen ya narke. 'Ya'yan gautan kura ne, irin wanda ke fitowa a bayan katangarmu, awaki ma ba sa ci. Na fasa ɗaya da farce, sai ga ɗan farin abin nan a naɗe a ciki. Zafin ƙarfe ne ke fasa su, su faɗa ruwa.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga maƙwabta a tsakar gida. Babban ɗanmu ya ruga tasha ya samo mota. Ni na kira 'yar ƙanen Malam. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"Yana iya haɗiye miyau?"

"A'a."

"Ku taho yanzu. Kar ku kwantar da shi, a zaune za ku riƙe shi. Kar ku ba shi komai ta baki."

Hanyar Nguru na bi ta sau ba adadi, zuwa gida da dawowa, amma ban taɓa sanin tsawonta ba sai ranar. Malam yana zaune tsakanina da ɗanmu, ya sunkuyo gaba, ya miƙe wuya, yana jan numfashi da ƙara. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya matse mini hannu. Wajen Jajimaji na raɗa masa a kunne, "Malam, yarinyar nan ta ce ka zo tun tuni, ni ce ban gaya maka ba." Ban sani ba ko ya ji. Idonsa na kan hanya.

Mun tarar da ita a ƙofar asibiti da keken marasa lafiya. Ko kallon tuhuma ba ta yi mini ba, ta karɓe shi suka shige da gudu. Likitoci suka tsaga ƙarƙashin haɓarsa suka fitar da mugunya, suka sa masa bututu a maƙogwaro don ya sami numfashi, suka cire haƙorin, suka ɗaura masa ruwa da allurai. Wani daga cikinsu ya gaya wa ɗanmu cewa ruɓar ta gangara ƙirji ta shiga jini, za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Na ga sun yi. Ina zaune a baranda ina kallon shigarsu da fitarsu, ina neman wanda zan zarga a cikinsu, ban samu ba.

A rana ta biyu ya farfaɗo na ɗan lokaci. Aka bar ni na shiga. Ba ya iya magana, amma ya gane ni. Ya ɗaga hannun da babu allura, ya nuna bakina, ya haɗe yatsunsa alamar in rufe. Na gane tsokanar da yake yi, na yi dariya ina kuka, ma'aikaciyar jinya ta ce in fita kar in tayar masa da hankali. A rana ta uku, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. A Nguru aka binne shi, garin da ya je ya ɗauko ni. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na yi takaba a ɗakina a Gashuwa. Mata suna shigowa gaisuwa, kowace ta tambayi me ya same shi. In na ce haƙori, sai su dubi juna. Wata ta ce haƙori ba ya kisa, sai dai in jifa aka yi masa saboda tattasainsa ya yi kyau a bana. Wata ta rage murya ta ce, ai da ma in mutum ya shiga asibiti aka sa masa wuƙa, shi ke nan. Da a da ne, da na karɓa na ƙara da nawa. Na ce musu babu wanda ya jefe shi, kogo ne ƙarami da aka bari ya girma. Na ba su labarin mazurarin. Wasu suka yi salati. Maƙwabciyar da ta ba ni labarin dattijon ta ce wataƙila ni ce ban iya haɗawa ba, kuma har yau tana zuwa wurinsa.

Bayan na fita takaba, 'yar ƙanen nasa ta zo gaishe ni. Ta kawo mini bandar kifi daga Nguru. Muka zauna a tabarma mu biyu, na bari sai da ta sha ruwa, sannan na gaya mata abin da ban gaya wa 'ya'yana ba a lokacin. Na ce saƙonta na Litinin a wurina ya tsaya, kuma ranar da ya ce a kai shi wurinta, ni na hana.

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma.

Na ce, "Ina so ki gaya mini gaskiya, don ke kika san aikin. Da na kawo shi ranar Litinin ɗin nan, da yana raye?"

"Inna, kwana ne ya ƙare."

"Na san da kwana. Ba shi na tambaye ki ba."

"Ko da kin kawo shi, ba lallai ba ne. Irin wannan ciwon ba a gane masa. Ki daina sa wa kanki damuwa, ki yi masa addu'a."

Ta faɗa da taushi, ta riƙe hannuna. Amma na san yarinyar nan tun tana goye. In tana da gaskiya, cikin ido take kallon mutum, ko babanta ne, ta yi ta musu har sai an gaji. Ranar nan zaren tabarma take kallo. Sau uku na sake tambayarta a zuwa daban-daban, amsar ba ta canza ba, idonta ma bai ɗago ba. Ta sha gaya mini gaskiya na ƙi yarda da ita. Wannan karon ina so in yarda, na kasa.